Lambobin neman biya na allurar ƙashin baya da tiyatar ƙashi: me ya sa Medicare ke dawo da takardu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aikin sanya lambobin da ke nuna cuta da aikin da likita ya yi, daga gida, ƙarƙashin wani kamfani da ke tura takardun neman biya na wani asibitin ƙashi da ciwon baya a Amurka. Likita ya rubuta cewa ya yi allurar gwaji a ƙananan jijiyoyin L3, L4 da L5 na kwankwaso, dama da hagu, yana kallon allurar a na'urar hoto. Na sa 64493, 64494, 64495 da 77003, cutar kuma M54.5. Medicare, inshorar lafiya ta gwamnatin Amurka, ta ƙi biya. Haka ma aikin gwiwa da na sa wa 29881 da 29877, an biya ɗaya an bar ɗaya. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Takardar allurar nan tana ɗauke da matsaloli biyar, kowacce ta isa ta sa a dawo da ita. Kafin mu bi su, ki riƙe wannan: lamba tana fitowa ne daga rahoton da likita ya rubuta bayan ya gama aiki, ba daga jadawalin ranar ko sunan da ma'aikaciyar jinya ta kira aikin da shi ba. A allurar ƙashin baya kuwa, abu huɗu kike nema a rahoton: ta ina allurar ta shiga, a wane sashe na baya, matakai nawa da ɓangare nawa, kuma da wace na'ura aka kalle ta. In ɗaya ya ɓace daga rahoton, likita za a koma wa.

Mu fara da ƙidaya, domin nan ne kuɗi ya fi zubewa. Lambobin 64490 zuwa 64495 na allurar gaɓar faset ne, wato ƙananan gaɓoɓin da ke haɗa ƙashi da ƙashi ta bayan laka, ɗaya a dama ɗaya a hagu a kowane mataki. Likita yana iya zuba magani cikin gaɓar kanta, yana kuma iya kashe ƙananan jijiyoyin da ke kai saƙon zafi daga gare ta na ɗan lokaci da maganin kashe zafi. Ko wanne ya yi, gaɓa ake ƙirgawa, ba jijiya ba, ba kuma yawan alluran da aka soka ba. Kowace gaɓa jijiya biyu ke ciyar da ita. Gaɓar L4-L5 tana samun reshen jijiyar L3 da na L4. Gaɓar L5-S1, inda kwankwaso ya haɗu da sakram, wato ƙashin da ke can ƙasan baya, tana samun reshen L4 da na L5. Kin ga reshen L4 yana yi wa gaɓa biyu aiki, shi ya sa jijiya uku, L3, L4 da L5, suke zama gaɓa biyu kacal. Lambobinki su ne 64493 na mataki na farko da 64494 na biyu. Ita 64495 ba ta da gurbi a wannan aiki, domin babu mataki na uku.

Akwai wani tarko a nan da ya kamata ki sani. Wasu likitoci ba sunan jijiya suke rubutawa ba, sunan ƙashin da allura ta sauka a kai suke rubutawa. Reshen L3 yana kwance ne a kan fiffiken ƙashin L4, na L4 a kan na L5, na L5 kuma a kafaɗar ƙashin sakram. Saboda haka rahoton da ya ce an soka allura a L4, L5 da kafaɗar sakram, da wanda ya ce an kashe L3, L4 da L5, aiki ɗaya suke bayyanawa. A wuya tsarin ya ɗan bambanta: gaɓar C5-C6 reshen C5 da C6 ke ciyar da ita. Abin da ya fi sauƙi ga kowa shi ne a roƙi likita ya riƙa rubuta sunan gaɓoɓin da ya nufa ɓaro-ɓaro, layi ɗaya ya isa.

Ko da an yi matakai uku na gaskiya, 64495 sau ɗaya ake sa ta a rana, matakan su kai huɗu ko biyar, haka 64492 a wuya da ƙirji. Sannan dokokin yankuna na Medicare, waɗanda ake kira LCD, tun sauyin da aka yi musu a 2021 sun tsaya a kan mataki ɗaya ko biyu a zama guda, don haka lambar mataki na uku kusan kullum dawowa take yi.

Matsala ta biyu ita ce 77003. Wannan lamba ce ta kallon allura da na'urar fulorosikofi, mai nuna hoton X-ray kai tsaye, amma an riga an cusa kuɗin hoton cikin 64490 zuwa 64495. Sanya ta daban neman biya sau biyu ne a kan abu ɗaya, kuma tsarin tacewa na NCCI, wanda hukumar CMS mai kula da Medicare ke amfani da shi tun 1996, zai cire ta da kansa. Hoton ma sharaɗi ne na lambar. In ba a yi amfani da fulorosikofi ko CT ba, littafin CPT, na lambobin ayyukan likita, ya ce a koma 20552 ko 20553, lambobin allurar ƙullin tsoka, kuɗinsu kuma bai kama ƙafar wancan ba. In da altirasawun aka kalla, lambobin 0213T zuwa 0218T ne, kamfanonin inshora da yawa kuma ba sa biyan su. Ki duba rahoton ya ambaci na'urar da sunanta, kuma an adana hotunan a fayil ɗin majiyyaci.

Ta uku, dama da hagu. Kin ce an yi ɓangarori biyu, amma babu abin da ya nuna haka a takardarki. Modifaya 50, wato 'yar alamar da ake liƙa wa lamba don ƙarin bayani, ke nuna shi, Medicare kuma tana biyan kashi 150 cikin 100 na kuɗin lambar idan an sa ta. A nan littafin CPT da Medicare sun raba hanya. Tun 2020 littafin ya ce kada a liƙa 50 a lambar ƙari, wato wadda ke bin babbar lamba, irin 64494, a maimaita lambar sau biyu. Medicare kuwa tana ci gaba da karɓar 50 a kan lambar ƙarin, da adadi ɗaya, a takardar likita. Ita cibiyar tiyatar yini ɗaya, a tata takardar, layi biyu take rubutawa, ɗaya da RT na dama, ɗaya da LT na hagu. Kamfanoni masu zaman kansu kowa da son ransa. Ina ba ki shawara ki buɗe wani ɗan jadawali na kanki, kowane kamfani da yadda yake son a nuna ɓangare biyu, domin wannan tambaya za ta riƙa dawo miki kullum.

Ta huɗu, modifaya KX. A allurar faset, Medicare ta bambanta allurar gwaji da ta magani. Ta gwaji ita ce wadda ake yi don a tabbatar gaɓar ce tushen ciwon, ita ake liƙa wa KX. Dalilin bambancin shi ne, kafin a yarda a ƙone jijiyar da zafin igiyar rediyo, sai an yi gwaji sau biyu, kowanne ya rage ciwon da aƙalla kashi 80 cikin 100. Idan likita bai rubuta ma'aunin ciwo kafin allura da bayanta ba, takardar ƙonawar da za ta biyo baya ita za ta sha wahala. Ana kuma so ciwon ya kai wata 3 kuma an gwada magani da motsa jiki bai yi ba. In aikin a sashen marasa kwanciya na asibiti za a yi shi, tun 1 ga Yuli 2023 sai an nemi izinin Medicare tukuna.

Ta biyar ita ce lambar cutar. M54.5 ta mutu tun 1 ga Oktoba 2021, an raba ta zuwa M54.50, M54.51 da M54.59. Duk takardar da ta ɗauke ta kwamfuta ce za ta mayar da ita kafin idon mutum ya gan ta. Ko sababbin ma ba za su fisshe ki ba, domin ciwon baya kawai alama ce, ba ya cikin cututtukan da ke halatta allurar faset. Waɗanda ake karɓa su ne irin M47.816, zaizayar gaɓoɓin kwankwaso ba tare da matse jijiya ko laka ba, da M47.817 idan a mahaɗar kwankwaso da sakram ne. Amma ki kiyaye: ba a ɗauko lamba daga jerin abin da inshora ke biya a manna wa majiyyaci. Sai likita ya rubuta cutar da hannunsa. In ya rubuta, takardarki ta zama 64493 da 50 da KX, sai 64494 da 50 da KX, cutar M47.816 da M47.817, shi ke nan.

Tunda asibitinku na ciwon baya ne, efidural, wato allurar da ake zubawa a filin da ke kewaye da laka, za ta fi komai yawa a teburinki, to bari mu tsaya a kanta. Hanya biyu ce, kuma kowacce da dokar ƙidayarta. Ta farko ita ce intalamina, inda allura ke shiga ta tsakiyar baya tsakanin rufin ƙashi biyu, har da wadda ake shigarwa ta can ƙasan sakram. Lambobinta huɗu: 62320 wuya ko ƙirji ba hoto, 62321 da hoto, 62322 kwankwaso ko sakram ba hoto, 62323 da hoto. Sun maye gurbin 62310 da 62311 a farkon 2017. Maganin da aka zuba ta wannan hanya yaɗuwa yake yi sama da ƙasa, dama da hagu, saboda haka ba a sa mata 50, ba a kuma ƙirga matakai: lamba ɗaya a sashe ɗaya. Inda allura ta huda fata shi ke yanke sashen, ba inda maganin ya gangara ba. Idan likita ya zura siririn bututu ya yi allura ya cire a ranar, har yanzu waɗannan lambobin ne. Sai an bar bututun ya kwana yana ɗiga magani ake komawa 62324 zuwa 62327.

Hanya ta biyu, tiransforaminal, ta gefe take bi, ta ƙofar da jijiya ke fitowa daga laka. A nan ana ƙirga matakai kuma ana nuna ɓangare: 64479 da ƙarinta 64480 a wuya da ƙirji, 64483 da ƙarinta 64484 a kwankwaso da sakram. Hoto yana ciki. In an yi L4-L5 a hagu da L5-S1 a dama, matakai biyu ne daban, sai ki sa 64483 da LT, 64484 da RT. Ba a kiran wannan ɓangare biyu, domin 50 tana nufin mataki ɗaya dama da hagu. Mahaɗar T12-L1 kuma, duk da rabinta a kwankwaso take, littafin ya ajiye ta a sashen ƙirji: 64479 ga tiransforaminal, 64490 ga faset. Lambar hoton rini a efidural, 72275, an soke ta a 2022, kada tsohon samfurin asibiti ya jawo miki ita.

Medicare tana yarda da zama 4 na efidural a sashe ɗaya cikin wata 12 masu zagayawa, ba daga Janairu zuwa Disamba ba. Ki tsaya a ranar aikin ki ƙirga wata 12 baya. Tiransforaminal ba ta wuce mataki biyu a zama guda. Cutar da ke halatta ta ita ce ciwon da ke bin jijiya zuwa ƙafa ko hannu, ko ƙuncin hanyar laka mai hana tafiya, M48.062. Nan ma akwai wurin tuntuɓe. M54.16 matsewar jijiya ce a kwankwaso da ba a faɗi sanadinta ba. In likita ya ce faifan tsakanin ƙashi ne ya fito ya danne jijiyar, lambar M51.16 ce ita kaɗai. In zaizayar ƙashi ce sanadi, M47.26. Littafin lambobin cututtuka, ICD-10-CM, ya hana haɗa M54.16 da ɗayansu, domin sun riga sun ƙunshe ta.

Ƙona jijiyar faset gaɓa-gaɓa ake ƙirga ta ita ma: 64633 da 64634 a sama, 64635 da 64636 a ƙasa, sai dai a nan lambar ƙari ana maimaita ta ga kowace gaɓa. Ki karanta zafin da aka rubuta. In bai kai digiri 80 na Salsiyas ba, ko an yi amfani da salon bugu-bugu, aikin ya fita daga waɗannan lambobi ya koma 64999, wadda sai an haɗa ta da rahoto. Allurar gaɓar sakram da ƙugu kuwa 27096 ce idan an yi da fulorosikofi ko CT, in babu hoto 20552.

Sai maganin da ke cikin sirinji. Likita yana neman kuɗinsa ne kawai idan a ofishinsa aka yi, lambar wuri 11, kuma shi ya sayi maganin. A sashen marasa kwanciya na asibiti, 22, ko cibiyar tiyatar yini ɗaya, 24, maganin na wurin ne. Adadi shi ne wurin kuskure. J3301, ta Kenalog, miligiram 10 ce kowane ɗaya, to miligiram 40 adadi 4 ke nan. J1100, ta deksametason, miligiram 1 ce, miligiram 10 adadi 10. Depo-Medrol a da tana da J1020, J1030 da J1040, amma daga 1 ga Afrilu 2024 an dunƙule su a J1010 mai miligiram 1. Wanda ya saba rubuta adadi 1 ga miligiram 80 ya ci gaba da haka a sabuwar lambar, kuɗin miligiram ɗaya zai karɓa. In kwalbar ta amfani sau ɗaya ce, abin da aka zubar ana nuna shi a layi daban da JW, in ba a zubar da komai ba JZ, wadda ta zama dole tun Yuli 2023.

Yanzu gwiwa. Abin da aka yi miki daidai ne, ba abin ɗaukaka ƙara ba ne. Tun 2012 bayanin 29881, yanke guringuntsin gwiwa na ciki ko na waje ta bututun hangen gaɓa, da na 29880, yanke duka biyun, ya haɗa da kankare guringuntsin saman ƙashi a kowane lungu na wannan gwiwar. Ita ce 29877 ke nufi, don haka tana ciki. Za ki ga amsar ta dawo da CO-97, ma'ana an biya shi a cikin wani aikin. Na san jarabar da ke zuwa a irin wannan lokaci, a liƙa modifaya 59 ko takwararta XS a sake turawa, kuma sau da yawa kwamfuta za ta bari ya wuce. Kada ki yi. Modifaya 59 shaida ce kike bayarwa cewa aikin a wani wuri daban aka yi shi, kamar ɗaya gwiwar. In gwiwa ɗaya ce, shaidar zur ce, kuma dokar Amurka kan takardun biya na ƙarya ba ta tsaya kan likita kaɗai ba. Kuɗin da aka gano an karɓa fiye da kima kuwa, kwana 60 doka ta ba da a mayar wa Medicare.

Babbar tiyata tana zuwa da dunƙulallen wa'adi. Sauya gwiwa, 27447, da sauya ƙugu, 27130, suna da kwana 90 bayan aiki, ga ranar aikin da jajiberinta. Duba rauni, cire zare, duk ziyarar da ta shafi warkewa tana cikin kuɗin tiyatar, ana rubuta ta da 99024 ba kuɗi. Abin da ya fita daga wannan sai da modifaya. Ziyarar da aka yanke shawarar tiyata a ranar ko jajiberi tana ɗaukar 57. Ziyara kan wata cuta daban cikin wa'adin, 24. Aiki na biyu da aka tsara tun farko, 58. Komawa ɗakin tiyata saboda matsala ta taso, kamar rauni ya yi ruwa, 78, ita kuma ba ta sabunta wa'adin. Aikin da bai shafi na farko ba, 79. Ga ƙananan ayyuka irin efidural ko allurar gwiwa, 20610 ba altirasawun, 20611 da shi, 25 ake liƙa wa ziyarar, kuma sai in likita ya yi wani duba na daban mai nauyi. Majiyyacin da ya zo don allurar da aka riga aka tsara, aka tambaye shi yaya jiki aka yi masa, babu ziyarar da za a nemi kuɗinta.

Tiyatar haɗe ƙashin baya tana da ƙidaya biyu a rahoto guda. Ita haɗewar, tsakanin ƙasusuwa ake ƙirga mata, ƙarfen da aka ɗaura kuwa ƙasusuwan kansu. Ɗauki haɗe wuya ta gaba daga C5 zuwa C7. Tsakani biyu ne, C5-C6 da C6-C7, to 22551 da 22552. Ƙasusuwa uku ne, to farantin ƙarfe 22845, mai ɗaukar ƙashi 2 zuwa 3. Keji, wato ɗan abin da ake cusawa a kowane tsakani ya riƙe ƙasusuwan, 22853 sau biyu. Idan kejin ya zo da kusoshinsa a jikinsa, babu 22845, sai in faranti ne mai zaman kansa, kuma rahoton ya faɗi haka. A kwankwaso, idan aka haɗe ta baya da ta tsakanin ƙashi a mataki guda, 22633 ce, ba 22612 da 22630 tare ba. Buɗe wa jijiya hanya a matakin da aka cusa keji ta baya ya samu lambobinsa a 2022, 63052 da 63053, su ake sawa a nan maimakon 63047. Duk lambobin ƙari ba a liƙa musu 51, modifayar ayyuka da yawa a zama guda, ba a kuma rage kuɗinsu zuwa rabi kamar yadda ake yi wa aiki na biyu.

A karaya, harafi na bakwai na lambar cuta ba ya nufin ziyara ta nawa ce. A na nufin ana tsakiyar magani, ko da likita na uku ne ke ganin majiyyacin, D lokacin warkewa, K ƙashi ya ƙi haɗewa, P ya haɗe a karkace, S abin da rauni ya bari. Karayar tsintsiyar hannu 25600 ce in ba a ja ƙashin ba, 25605 in an ja an daidaita. In an buɗe, 25607 ce idan karayar ba ta shiga gaɓa ba, 25608 in ta shiga kuma an ɗaure gutsure biyu, 25609 uku ko fiye, don haka yawan gutsuren dole ya fito a rahoto. Ɗaura siminti na farko yana cikin kuɗin, kayan simintin ne ake nema daban.

Ranar da aka yi aiki ita ke yanke wane littafi za ki buɗe, ba ranar da kike tura takarda ba. CPT, wanda ƙungiyar likitocin Amurka ke fitarwa, yana sauyawa kowace 1 ga Janairu, babban sauyin ICD-10-CM 1 ga Oktoba, lambobin magani da jadawalin NCCI kuma duk wata 3. Game da takardarki ta faset, ki duba amsar da ta dawo tukuna. In an mayar da ita ne a matsayin wadda ba ta sarrafuwa saboda mutacciyar lambar cuta, gyarawa za ki yi ki sake turawa a matsayin sabuwa, kina da wata 12 daga ranar aikin. In an duba ta an ƙi biya ne, da CO-50 misali, wato ba a ga larurar yin aikin ba, sai neman sake dubawa cikin kwana 120, ki haɗa da rahoton aikin, ma'aunin ciwo kafin allura da bayanta, da bayanan ziyarorin da suka nuna an yi wata 3 ana magani.